Tsakanin "Ni Na Yi" da "Allah Ne Ya Yi"

A shekarata ta farko a Landan na shiga ganawar neman aiki har sau uku ban samu ba, sai wani abokin aiki ɗan Gana ya gano mini inda matsalar take. Duk lokacin da aka tambaye ni abin da na cim ma a aikina na baya, sai in ce mun yi ƙoƙari kuma Allah ya taimaka, alhali su Turawa so suke su ji mutum ya ce shi ya tsara, shi ya jagoranta, shi ya kawo riba. Na koyi wannan magana, na kuma samu aikin. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, kalmar da harshe ya saba maimaitawa tana gangarawa cikin zuciya a hankali, har na wayi gari ina kallon 'yan'uwana da ke gida kamar rashin himma ne kawai ya bar su a baya.

Wannan ita ce maganar Ƙaruna da Alƙur'ani ya kawo a Suratul Ƙasas, inda ya ce an ba shi dukiyarsa ne saboda wani ilimi da yake da shi, kuma kowa ya san ƙasa ce ta haɗiye shi da gidansa. Ina jin bai yi ƙarya ba game da iya neman kuɗi. Laifinsa shi ne mance wanda ya ba shi basirar, da lafiyar, da lokacin.

Ƙasar nan ta Birtaniya ma ta sha ganin irin wannan darasi. Kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook, wanda ya faro tun 1841, ya durƙushe a watan Satumba na 2019, ya bar 'yan Birtaniya kimanin 150,000 a ƙasashen waje ba jirgin dawowa. Bayan 'yan watanni annobar korona ta zo, filin jirgin sama na Heathrow ya yi tsit, kuma a watan Afrilu na 2020 Firaminista Boris Johnson da kansa ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman ana ba shi iskar numfashi.

Sai dai ba zan yi wa kaina adalci ba idan na ce mu Hausawa mun tsira. Mu bakinmu ya iya ladabi: "Allah ne ya yi", "ba wayona ba", "da ikon Allah". Amma attajirin da ya faɗi haka da safe shi ne da yamma zai zauna maroƙa na yi masa kirari yana liƙi, shi ne zai bar tsohon abokin karatunsa tsaye a ƙofar gida maigadi na cewa Alhaji yana barci. Shugaban sashenmu a nan, wanda ba ya jin kunyar lissafa nasarorinsa, a keke yake zuwa aiki, kuma yana bin layin shayi bayan masu share ofis. Shi girman kansa yana kan harshe, namu kuma sau da yawa yana cikin mu'amala, kuma a ganina namu ya fi haɗari domin mun lulluɓe shi da sunan Allah, ba ma ganinsa ballantana mu tuba.

Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta mayar da masu shaguna da yawa 'yan neman jari a dare ɗaya. Wani kawuna yana cikinsu. Da na kira shi in jajanta, sai ya ce mini a ranar ne ya fara fahimtar abin da yake faɗa kullum idan ya ce dukiya ta Allah ce, bayan shekara talatin yana faɗar ta a bakin shago.