Kujera aka ɗauke, ba hannu ba

Jiya da daddare aka turo mini wani sauti a WhatsApp, minti huɗu cur. Mai sautin bai kama suna ba, ni ma ba zan kama ba, amma da Yayana likita yake. Wai lokotoro ya watsar da marasa lafiya ya bi kuɗin depite, wato ɗan majalisa, yanzu da aka kore su ya dawo yana lalubar allura. Wai inuwar giginya ne, na nesa ka sha.

Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar, majalisa ta watse. Yaya bai cika sati biyu ba ya sa farar rigarsa ya koma duba yara. Kujera aka ɗauke mishi, ba a ɗauke mishi hannu ba. Wani fa, da aka dakatar da jam'iyyu, wace sana'a ya koma? Shayin fada da latsa waya.

Tunda ana son tarihi, a tuna 2005, shekarar yunwa. Ni ke kai wa Yaya tuwo in yana gardi, wato aikin kwana a gidan likita. Uwaye daga Madarunfa, daga Gidan Rumji, har daga Dakoro, goye da yara masu tamowa, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, wasu ko tsotso ba su iyawa sai ta bututun hanci ake ba su madara. Sau nawa na dawo da kwanon nan ko buɗe shi bai yi ba? A shekarar nan wani yana kulle da hatsi a sito, yana jiran tiya ta ƙara tsada. Maraɗi ba ta manta ba. Kwalarar Madarunfa ta 2018 ma ba mu ga ƙeyarsa ba.

Kuma ba kwaɗayi ya kai Yaya takara a zaɓen 27 ga Disamban 2020 ba. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Amma kuɗin da za a mayar wa gidajen likita sai su maƙale wata da watanni, farmasi ta bushe, uwa ta zo da hujjarta ta kyauta a rubuta mata ardinas, takardar magani, ta je ta saya a waje. Wannan ciwo allura ba ta kama shi, sai a inda ake yanka kasafi, a Yamai. Can ya je ya yi ta faɗa. Eh, ya sayi mota. Eh, akwai kiran da bai ɗaga ba. Mutum ne. Shekara nawa yana kwana a kan benci?

Abin da ke ci mini rai, wallahi, daren nan ne na damina. Ƙarfe biyu aka doki ƙofarmu, yaro na sanƙarewa da zazzaɓin cizon sauro, ubansa na kuka kamar mace. Ni na buɗe. Yaya ya fita da silifa cikin ruwa, bai dawo ba sai da aka kira asalatu, ko dala bai karɓa ba. Bakin da ya yi ta "Allah ya saka" a daren nan shi ne yau ke aika sauti. Haba! Ba kunya, ba tsoron Allah?

Kujera aka ɗauke, ba hannu ba. Gobe ƙarfe bakwai yana wurin aiki, in yaron ya sake zazzaɓi a kai shi can, na san halin Yaya, zai duba shi. Ƙofar gidanmu ce dai ni ba zan ƙara buɗewa ba.