Zatonka ga Allah, da igiyar raƙuminka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Akwai wani hadisi da Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, wanda duk sanda na karanta shi sai jikina ya yi sanyi. Manzon Allah (SAW) ya shiga duba wani tsohon Balaraben ƙauye da zazzaɓi ya kwantar. Ya faɗa masa abin da ya saba faɗa wa marasa lafiya: babu komai, tsarkakewa ce in sha Allah. Sai tsohon ya ce, tsarkakewa? Ina! Zazzaɓi ne dai yake tafasa a jikin tsoho, zai kai shi kabari. Annabi (SAW) ya ce masa: to, shi ke nan, hakan ne. Ku duba fa. An miƙo masa kalmar alheri daga bakin da bai taɓa ƙarya ba, ya sa hannu ya ture ta, ya zaɓar wa kansa wadda ta fi muni, kuma aka bar shi da zaɓinsa.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da ke yawan zuwa mini kwanakin nan: shin abin da mutum ya ƙudurta a ransa yana canza abin da zai same shi? Masu tambayar galibi sun kalli irin bidiyon nan da ke yawo a waya, inda wani zai ce maka ka rufe ido ka hango gida da mota, ka maimaita kowace safiya cewa kai mai kuɗi ne, wai tunaninka maganaɗisu ne, duniya za ta jawo maka abin da ka hango. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa tunda an riga an rubuta, to me ye amfanin sa rai, me ye amfanin wahala. Ni dai duka biyun ban gamsu da su ba, amma na farkon ya fi ba ni tsoro, don yana zuwa ne sanye da rigar da ta yi kama da tamu.

Mu muna da hadisin ƙudusi, Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah Maɗaukaki yana cewa: Ina nan inda bawana ya zace Ni. Jabir kuma ya ce ya ji Annabi (SAW) kwana uku kafin wafatinsa yana cewa kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. To amma a lura da wanda ake yi wa zaton. Allah ake zata da alheri: cewa Shi mai rahama ne, mai hikima ne, ba Ya tozarta wanda ya dogara da Shi. Mai bidiyon nan kuwa ƙwaƙwalwarsa yake zata da iko. Ɗaya ya ɗaga hannu yana roƙo, ɗaya ya zauna yana ba da umarni. Wanda ya yarda tunaninsa ne ke halitta masa arziki ya taɓa iyakar tauhidi ko bai sani ba.

Amma tambayar tana nan, kuma amsata ita ce e, yana canzawa. Hanyar da yake bi ce ya kamata mu gane, kuma ban san wanda ya nuna ta kamar Nana Hajara ba. Annabi Ibrahim (AS) ya ajiye ta da jaririnta a kwarin da babu shuka babu ruwa babu mutum, da jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Ta bi shi tana tambaya, bai waiwayo ba, har ta ce: Allah ne Ya umarce ka da wannan? Ya ce e. Ta ce: to ba zai tozarta mu ba. Ta koma ta zauna. Wannan shi ne kyakkyawan zato tsantsarsa, babu gauraye. To da ruwan salkar ya ƙare, yaro yana murƙususu don ƙishi, me ta yi? Ta hau Safa ta duba, ba kowa. Ta sauko, ta tattare gefen rigarta ta ruga a cikin kwarin, ta hau Marwa, ba kowa. Sau bakwai. Ki tsaya ki yi tunanin zagaye na biyar, 'yar uwa: ta riga ta hau duwatsun nan ta ga babu komai, ƙafa ta gaji, maƙogwaro ya bushe, me ya sake tayar da ita? Maganar nan ce da ta faɗa tun farko. Wadda ta yanke ƙauna a zagaye na biyu za ta zauna. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuma shi ne, ruwan bai ɓullo a Safa ko Marwa inda ta nema ba. A wajen yaron ya ɓullo, inda ba ta haƙa ba. Gudun nata ne, Zamzam kyautar Allah ce, kuma har yau miliyoyin mutane suna maimaita gudun nan duk shekara.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi misali da manomi. Wanda ya sami ƙasa mai kyau, ya zuba iri mai kyau, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya zauna yana jiran falalar Allah, wannan shi ne mai fata na gaskiya. Wanda kuwa ya watsa iri a kan fako bai ko waiwaye shi ba, yana jiran girbi, sunan abin da yake yi wauta da ruɗi. Abin sha'awa, wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bajamushiya mai suna Gabriele Oettingen, ta iso kusa da wannan magana ta hanyar bincike. A aikin da ta wallafa a 2002 ta bi ɗaliban da ke gab da gama jami'a, ta gano cewa waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin sun sami aiki mai daɗi su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi. Waɗanda kuwa suke sa ran nasara bisa abin da suka san sun taɓa yi, su suka fi dacewa. Zuciya in ta sha daɗin abu a mafarki sai ta saki jiki kamar ta riga ta samu. Shi ya sa mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, amsar da ya samu a ruwayar Tirmizi gajeriya ce: ɗaure ta, ka yi tawakkali.

Shi kansa mai wannan amsa, ranar hijira, ya tanadi raƙuma, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur. Bayan duk wannan ne ya ce wa Abubakar kada ka yi baƙin ciki, Allah yana tare da mu.

Sai batun lafiyar jiki, inda aka fi yaudarar mutane. Gaskiya ne sa rai yana taɓa jiki. Likitoci sun daɗe da sanin cewa in aka ba majinyaci ƙwayar da babu magani a cikinta, shi kuma ya ɗauka magani ce, sau da yawa raɗaɗinsa yana raguwa, don ƙwaƙwalwa tana sakin sinadaranta masu kashe zafi. Amma abin yana da iyaka. A 2011 masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun gwada masu ciwon asma: wani lokaci a ba su abin shaƙa mai magani na gaske, wani lokaci a ba su na bogi. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne. Da aka auna huhun da na'ura kuwa, mai maganin ya ƙara ƙarfin numfashi da kusan kashi 20 cikin 100, na bogin kashi 7 kacal, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Mutum yana jin ya warware alhali hanyar numfashinsa tana nan a matse. Wanda ya ajiye maganinsa saboda wani ya ce masa imani ya isa, ransa yake wasa da shi, kuma Annabin da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce ya ku bayin Allah ku nemi magani.

Yanzu ga inda nake so mu ji tsoron Allah. In ka yarda cewa duk abin da ya sami mutum tunaninsa ne ya jawo, to ka ɗora wa kowane mai jarrabawa laifin jarrabawarsa. Marar haihuwa zatonta ne bai yi kyau ba, wanda ya shekara biyar yana neman aiki imaninsa ne da rauni. Subhanallah. Mus'ab ɗan Umair fa? Saurayin da ya tashi cikin gata a Makka, ya bar komai, aka kashe shi a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, ba a sami abin da za a rufe shi ba sai mayafi ɗaya, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har aka sa ciyawa a ƙafafun. Sahabi Khabbab ya ce Mus'ab yana cikin waɗanda suka tafi ba su ci komai daga ladansu a duniya ba. Wa zai ce Mus'ab bai kyautata zato ba? Manzon Allah (SAW) 'ya'ya bakwai ya haifa, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ta rage. Da ɗansa Ibrahim yake cikawa a hannunsa hawaye ya zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Bai yi murmushin dole ba, bai ce wa kowa ya daina kuka don kada ya jawo wani sharrin ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa nake magana da zafi. Shekarun baya wata goggona ta yi ta kukan kasala da kumburin ƙafa. Lokacin ina ganin na karanta abubuwa, sai na zauna gabanta ina yi mata wa'azi: Goggo, ki daina sa ciwo a ranki, yawan ambatonsa ne ke ƙara shi, ki kyautata zato kawai. Ta dube ni ta ce, to ɗan nan, na ji. Daga ranar ba ta sake yi mini ƙorafi ba, ni kuma na ɗauka nasihata ce ta yi aiki. Ashe shiru ta yi don kada a ce ba ta da tawakkali. Sai da ta faɗi aka kwashe ta zuwa asibiti, gwaji ya nuna ƙoda ce, kuma likita ya ce da an zo da wuri da abin bai kai haka ba.

Na je duba ta, kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Ita ce ma ta kama hannuna. Ƙafafun nan suna nan a kumbure, ga robar ƙarin ruwa a hannu, ta ce mini: kai ɗan nan, me ye na sunkuyar da kai? Ni ban taɓa zaton Allah zai yar da ni ba, ko a nan ko a can. Sannan ta ce in duba agogo in gaya mata ko lokacin shan maganinta ya yi, don ma'aikaciyar jinyar ta ce ƙarfe huɗu, ita kuma ba ta so ya wuce.