Haleluya ta biyar

Kun dai san yadda na tsinci kaina a ƙungiyar mawaƙan jami'a: ana ƙarancin masu bes, wato murya mai kauri, ni kuma Allah Ya ba ni murya kamar ganga. Ban iya karanta ɗige-ɗigen nan masu wutsiya na rubutun waƙa ba, na gefena nake bi. Wata uku muna bita, mata a gaba, soprano da alto, mu a baya, teno da bes. Waƙar Mozart ta Latinanci ba ta da rigima, lallaɓa ta ake yi. Ta rufe taro ita ce Haleluya ta Handel, wadda ya zauna ya rubuta tun 1741 don kawai ta zo ta kunyata ni.

Dab da ƙarshenta ana jero haleluya sau huɗu a guje, sai kowa ya yi tsit lokaci guda, har mai piyano, sannan a ja ta ƙarshe a hankali. Malam mai jagorantar waƙar ya faɗa har bakinsa ya gaji: "Ku dubi hannuna, ku bar takarda!"

Ranar taro zaure ya cika, kuma da aka fara wannan waƙar jama'a suka miƙe tsaye kamar yadda aka saba yi mata. Daɗi ya kwashe ni. Na lumshe ido, na cika ƙirji da iska. Kowa ya ƙirga huɗu, ni na ƙirga uku.

"HAAA..."

Ni kaɗai. Ba ƙaramar "ha" ba, wadda na yi wata uku ina tanadinta. Ta fita ta bugi bangon baya ta dawo ta same ni baki buɗe. Na yi niyyar mayar da ita tari, sai ta fito kamar kukan ɗan maraƙi. Hannun Malam ya sandare a sama, bai ce komai ba, girarsa ce kawai ta hau. Kafaɗun 'yan alto suka fara rawa a jere. Can cikin jama'a wani yaro ya tambaya da ƙarfi, "Mama, waye?"

Da ma an bar shi a haka, mu takwas ne a bes, wa zai gane? Sai mutumin naku. Kun san shi. Shi ne muka yi da shi zai zungure ni da gwiwar hannu in an zo wurin, a bita bai taɓa fashi ba. Ranar bai zungura ba, kuma ya juyo ya zare min ido, har da matsawa gefe taku ɗaya, wai kar a ce shi ne. Mutumin da a waƙar Mozart baki kawai yake motsawa! Ni na rufa masa asiri wata uku. Fensirina ma yana hannunsa tun makon farko.

Bayan an tashi Malam ya dafa ni ya ce, "Muryar dai akwai." Har yau ban san me yake nufi ba. Bita ranar Laraba, an ce in zo da fensir.