Wa Ya Faɗa Maka? Tambayar Da Maƙalar Ɗalibanmu Ke Kasa Amsawa

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke ajin farko a wata babbar makaranta a nan Zariya, ya same ni bayan sallar isha'i da takardu huɗu a hannu. Jinga ce aka ba su a darasin Turanci na gama-gari, wanda kowane sabon ɗalibi ke yi ko likitanci ya zo karantawa ko aikin gona. An ce su rubuta maƙala mai kare ra'ayi, su kafa ta a kan bincike, su jera madogara a ƙarshe. Shi ya zaɓi batun koyar da yaran firamare da harshen uwa, kuma yana goyon baya. Ya ce nahawu kawai zan duba masa, sauran ya gama.

Nahawun ba laifi. Abin da ya tsaya mini a rai wata jimla ce da ta fito har sau biyar a shafi huɗu: bincike ya nuna. Na ɗora yatsa a kan ta farko na ce, wane bincike? Ya sosa ƙeya. Na ce to, wa ya yi shi, a wace shekara, a kan yara nawa? Sai ya ce, "Kawu, ai wannan kowa ya sani." Na juya shafin ƙarshe na ga madogara takwas an jera su reras. Na tambaye shi guda nawa ya buɗe ya karanta. Ya yi shiru, daga baya ya ce ɗaya, ita ma rabinta.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin abin da aka koya masa ke nan. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san muhawarar makaranta: wa ya fi amfani, likita ko manomi? Kai ba ka zaɓi ɓangare ba, ƙuri'a ce ta faɗo maka. Ka fito ka gaida shugaban zama da alƙalai da mai duba lokaci, ka ɗaga murya, ka jero dalilai huɗu ko biyar, ka rufe da fatan ka gamsar da masu sauraro. Wannan horo ne mai kyau ga ɗan shekara goma sha huɗu, yana cire masa tsoron jama'a. Illarsa ita ce yaro ya tashi da tunanin cewa jayayya dambe ce, a fara zaɓar ɓangare tukuna, sannan a fita farautar abin da zai goya masa baya. Da wannan ɗabi'ar yake shiga jami'a, sai dai yanzu ya ƙara mata jerin sunayen Turawa da shekaru a cikin baka.

Ra'ayina shi ne, maƙalar jayayya tana tsayuwa ne a kan abu biyu, kuma duka biyun muna da su a gida tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Na farko, kowace da'awa ta zo da hanyar da mai karatu zai bi ya tabbatar da ita da kansa. Na biyu, a kawo hujjar abokin hamayya da ƙarfinta, a amsa ta in za a iya.

Ɗauki na farkon. Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a cikin birni, a Unguwar Juma ko Kona, ya san abin da ke biyo baya idan ɗalibi ya ce "an ce". Malam zai tambaya, wa ya ce? A wane littafi? Wane babi? Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan wannan tambayar. A gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da duk wanda ya ga dama ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma ba su tsaya ga jera sunaye ba, sai sun binciki kowane mai ruwaya: amintacce ne, haddarsa na da ƙarfi, ya ma haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi kuwa? Abin mamaki, yaron da ba zai karɓi hadisi daga bakin mai wa'azin tasha ba sai ya ji wa ya ruwaito, shi ne zai kwaso alƙaluma daga wani shafin intanet da ba sunan marubuci ba kwanan wata, ya zuba a maƙalarsa hankali kwance. Tsarin rubuta madogara da ake wahalar da ɗalibai da shi, inda za a sa waƙafi da inda za a sa aya, isnadi ne a cikin wata riga. Da haka aka gabatar musu da shi, da ba su ɗauke shi ado na shafin ƙarshe ba.

Na biyun ya fi wuya, domin ya saɓa wa son rai. Misalin da nake so shi ne na Muhammadu Bello. A farkon ƙarni na 19 an yi musayar wasiƙu tsakanin shugabannin jihadin Sakkwato da Shehu Laminu na Borno a kan halaccin yaƙar Borno. Shehu Laminu bai zo da wasa ba. Ya ce mutanensa suna salla da azumi suna ba da zakka, abubuwan da ake zarginsu da su kuma, irin su cin hanci da cin dukiyar marayu da fitar mata ba lulluɓi, saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya ƙara da cewa irin waɗannan laifuka akwai su a Misira da Sham, ba wanda ya kafirta mutanen can. Hujja ce mai nauyi. Da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi, sai ya shigar da maganar abokin hamayyarsa a cikin littafin, sannan ya biyo da amsa. Har yau masana tarihi na jayayya a kan wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma suna iya yin jayayyar ne saboda Bello bai ɓoye abin da aka faɗa a kansa ba. Mutumin da ke tsakiyar yaƙi ya iya wannan. Ɗalibin da maki goma kacal ke gabansa bai da uzurin kasawa.

Na tambayi ɗan yayata, masu adawa da koyarwa da harshen uwa me suke cewa? Ya ce ai su 'yan koren Turawa ne kawai. Na ce to ka sake tunani, domin wanda zai duba takardarka mai yiwuwa yana cikinsu.

Washegari na tura shi laburare. Ga abin da ya samo bayan kwana uku, kuma a nan ne maƙalar ta fara zama maƙala. Binciken da yake ta ambato ba tare da ya san sunansa ba akwai shi: gwajin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi guda, aka kwatanta su da waɗanda aka sauya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare. Yaran Yarbancin ba su gaza ba, har a Turancin kansa. Wannan hujja ce ta gaske, mai suna da wuri da shekara. Amma da ya ci gaba da karatu sai ya ci karo da abin da masu suka ke cewa: an shirya wa gwajin littattafai na musamman, an horar da malamai, ajin gwaji na farko ma ƙwararren malamin Turanci aka ba shi. To harshen ne ya kawo nasarar, ko kulawar da aka ba yaran? Kuma Ife gari ne da kusan kowane yaro Yarbanci yake ji. Yaya za a yi da aji ɗaya a Sabon Gari, inda ɗan Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Bayarabe da ɗan Bajju ke zaune a benci guda?

Ya kuma gano cewa a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya faɗa da bakinsa cewa aiwatarwa sai an samar da littattafai da malamai. A ƙarshen 2025 kuma aka soke manufar. Yaro ya dawo mini a rikice, ya ce, "Kawu, yanzu ni ban ma san ɓangaren da nake ba." Na ce masa madalla, yau ka fara bincike.

Matsayar da ya ƙare a kanta ta fi ta farko ƙanƙanta. Da yana cewa harshen uwa ya fi Turanci, magana mai faɗi kamar filin Idi, ba mai iya kare ta a shafi huɗu. Yanzu cewa yake yi, a makarantun da kusan duk yaran Hausa suke ji a gida, kamar na cikin ganuwar Zazzau da ƙauyukan kewaye, ya kamata a koyar da karatu da lissafi da Hausa a ajujuwan farko, da sharaɗin a tanadi littattafai da malamin Turanci da ya san aikinsa. Ya amince a fili cewa hujjarsa ba ta kai Sabon Gari ba. Wannan amincewar ba ta rage masa komai ba. Mai karatu in ya ga marubuci ya nuna masa inda ɗakinsa ke yoyo, ya fi yarda da shi a kan sauran ginin.

Akwai wata dabara da na ba shi wadda nake ganin za ta amfani duk ɗalibin da Turanci ba harshensa na gida ba ne. Kafin ka rubuta kalma ɗaya, je ka faɗa wa mahaifiyarka matsayarka da Hausa, a jimla guda. In ta ce "to, sai me?" ko "wa ya ce ba haka ba ne?", ba ka da matsaya tukuna. Manyan kalmomin Turanci suna iya lulluɓe tunanin da ba komai a cikinsa, har marubucin ma ya ruɗi kansa. A gaban tsohuwa da Hausa ba wurin ɓuya.

Ba zan daɗe a kan shagunan kwamfuta masu sayar da jinga da kundin digiri a bakin makarantu ba, kowa ya san su, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Sabon abu shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a Nuwamban 2022. Ban ce haram ba ne ɗalibi ya tambaye ta abin da masu adawa da ra'ayinsa ke cewa, ko ta gyara masa jimla. Haɗarin shi ne tana iya ƙirƙiro madogara sukutum, da sunan marubuci da na mujalla da lambar shafi, alhali babu su a duniya. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen ƙarya da manhajar ta ƙaga musu. A harshen malaman hadisi, wannan mai ruwaya ne da aka kama da ƙirƙira, duk abin da ya kawo sai an nemo shi ta wata hanya. Biyu daga cikin madogara takwas na ɗan yayata mun neme su sama da ƙasa ba mu same su ba.

Tunda na ce a kawo hujjar abokin hamayya, bari in kawo ta masu ja da ni. Wani abokina da ke koyar da irin wannan darasi ya ce mini duk wannan zancen mai ɗalibi ɗaya ne. Shi ɗaruruwa yake da su a aji guda, da yawa cikinsu jimla mai aikatau da aikau ma ba ta miƙe musu ba, kuma makonni kaɗan ake ba shi ya miƙa sakamako. Yaushe zai bi isnadin kowa? A ganinsa a fara gyara Turancin, jayayya ta jira aji uku.

Rabin maganarsa gaskiya ce, ba ni da amsar yawan ɗalibai, wannan matsalar kuɗi ce da ɗaukar ma'aikata. Inda na rabu da shi shi ne jiran. Ɗalibin da ya shekara biyu yana cin maki da "bincike ya nuna" ba zai tashi rana ɗaya a aji uku ya daina ba, a kundin digirinsa ma haka zai yi, in ya zama ɗan jarida ko mai ba gwamna shawara ma haka. Kuma yawan ɗaliban dalili ne na rage tsawon jingar. Shafi huɗu da madogara takwas ba mai iya dubawa, shi ya sa ake auna su da ido a ba da maki. A ce shafi ɗaya da rabi. Madogara uku kacal, kowace da lambar shafin da aka ɗauko maganar, ɗaya aƙalla daga littafi ko mujallar da ɗalibi ya riƙe da hannunsa, tunda Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru da na sauran makarantun garin ba don ado aka gina su ba. Sakin layi guda a ware shi ga hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren, a ɗora masa maki mai tsoka. Ranar miƙawa malam ya zaɓi mutum ashirin da ka, kowa ya tashi a ba shi minti biyu ya faɗi inda ya samo madogararsa ta biyu da abin da ke cikinta. Ba sai an tambayi kowa ba, ya isa kowa ya san ana iya kiran sunansa.

Abokin nawa ya ce zai gwada a zangon karatu mai zuwa, amma minti ɗaya zai bayar, domin ɗakin lakcar awa biyu kawai ake ba shi kuma wani aji na jira a ƙofa.