Minti nawa daga Waliya zuwa babbar kasuwa?

Duk wanda ke kwana a Waliya, unguwar ƙetaren kogin Shari, yana neman abincinsa a cikin garin Injamena ya san gada ce ke tsara masa safiya. Idan ka idar da sallar asuba ka fita nan take, za ka haye Shari salin-alin. Idan kuwa ka tsaya shan shayi, ko yaro ya ɓatar da takalmin makaranta, sai dai haƙuri, domin kafin bakwai ta buga bakin gada ya cushe, kilando, wato baburan haya, na kutsawa ta kowace kafa, masu kar, ƙananan bas na haya, na ta oda kamar ita za ta buɗe hanya.

Ranar wata Litinin ina cikin kar, mu goma sha takwas har da yaron mota da ke rataye a ƙofa, gwiwata ta tokare da buhun busasshiyar kuɓewa. A gefenmu wata ƙatuwar V8 ce mai baƙin gilashi. Da mai ita ya sauke gilashin zai sayi katin waya, sai muka ga shi kaɗai ne a ciki. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, da kwanon kifi a cinya za ta kai Dembe, ta taɓa ni ta ce, “Ɗana, ka ga wannan? Shi kaɗai ya ci wurinmu duka.” Na ce, “Wallahi haka ne, Inna.” Tsawon motarsa da tsawon tamu kusan ɗaya ne.

Maganar Inna ita ce lissafin da ban taɓa ji daga bakin hukuma ba. In ana zancen cunkoso, abin da ake karanta mana shi ne kilomita nawa aka shimfiɗa wa kwalta, biliyan nawa na sefa aka kashe, shataletale nawa aka gyara. Wannan lissafin ɗan kwangila ne. Mai zuwa aiki tambayarsa ɗaya ce: in na bar ƙofar gidana da bakwai saura kwata, yaushe zan isa? Birnin da bai san amsar wannan ba, ba shi da abin da zai ce ya rage ko ya ƙaru.

Tushen matsalar a shimfiɗar garin yake. Tun da Faransawa suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, komai a gaɓar Shari guda ya taru: ma'aikatu, babbar kasuwa, kasuwar hatsi, bankuna, manyan asibitoci. A ƙidayar 2009 mutanen birnin sun kusa miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin talaka ke ta ƙetare kogi zuwa gunduma ta tara, inda fili da haya suka fi sauƙi. Ga jami'a a Tukra tana jan ɗalibai ta ɗaya ɓangaren. Ga hanyar kudu da ke zuwa daga Bongor da Mundu. Ga kayan da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suka biyo Garwa da Marwa, suka shigo ta Kuseri ta Kamaru da gadar Ngeli. Duk waɗannan a bakin gadojin Shari suke haɗuwa, kamar an zuba randa guda a mazurari.

Za a ce a ƙara gada. A ƙara mana, wa zai ƙi? Amma a tuna da Legas: sun kammala gadarsu ta uku a 1990, tsawonta ya haura kilomita 11, kuma har yau mutanen can na tashi tun kafin asuba don su tsere wa cunkosonta. Sabuwar hanya kan yi sauƙi na ɗan lokaci, sai wanda da yake shiga motar haya ya ga ai gara ya fito da tasa, ta sake cikewa.

Darasin da ya fi dacewa da mu yana Dakar. Ba motocin nake nufi ba, ko da yake manyan bas masu lantarki da suka fara aiki a 2024 a kan layinsu na kilomita 18 abin sha'awa ne, kuma aljihunmu bai kai nan ba tukuna. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka furta alkawarin: tafiya daga Guédiawaye zuwa tsakiyar birni, wadda ke cin wajen awa ɗaya da rabi, za ta koma minti 45. Alkawari ne da mai tallan gyaɗa ma zai iya aunawa da agogon wayarsa. Kuma ba dare ɗaya suka kai nan ba, tun 1997 suke da hukuma guda, CETUD, mai kula da sufurin birnin baki ɗaya.

Mu kuwa aunawar ma ba ta buƙatar bashin kowa. A ɗauki ɗaliban Tukra, a ba su takarda da biro da kuɗin karin kumallo, su tsaya a bakin gadoji da shataletalen Shagwa da Dembe na makonni biyu. Su ƙirga mutum nawa ke hayewa a awa guda da abin da ya ɗauko su, su kuma bi kar daga Waliya zuwa babbar kasuwa suna duba agogo. A yi haka sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, domin garin da ake shiga a watan Maris ba shi ne na watan Agusta ba, balle shekara irin 2022 da ambaliya ta tashi unguwannin ƙetaren kogi. Daga nan sai magajin gari ya fito ya ce: yau tafiyar nan minti kaza ce, nan da shekara biyu za mu rage mata kashi ɗaya cikin uku, in ba mu yi ba ku tambaye ni.

Sai batun haɗa tafiya, inda nake ganin masu kwafo tsari daga Turai kan yi kuskure. Can roƙon mutane ake yi su shiga mota ɗaya. Nan talauci ya riga ya haɗa mu. Tun watan Fabrairun 2024 da litar fetur ta tashi daga sefa 518 zuwa 730, maƙwabta da yawa sun koyi karo-karon mai, wannan ya kai yaran layi makaranta yau, wancan ya kai gobe. Abin tsoro shi ne mu rasa abin da muke da shi. Duk wanda ya ɗan samu sarari babur yake saye, kuma ban ga laifinsa ba. Kar ba ta tashi sai ta cika maƙil. Da yamma direba kan yanka tafiya biyu, ya sauke ku a rabin hanya, ku sake biyan wani kuɗin a motar da kuka sauka daga cikinta. Wa zai zauna cikin wannan in yana da mafita?

Saboda haka mizani na biyu ya zama kason masu haye kogi a motar haɗaka: kada ya ragu, kuma kada jira a tasha ya wuce minti goma a lokacin tafiya aiki. Hanyar cim ma wannan ita ce wadda manya ba za su so ji ba. Daga shida da rabi zuwa takwas da rabi na safe, a ware layi ɗaya a gada mai hannu biyu ga kar, bas da duk motar da ta ɗauko mutum huɗu zuwa sama. Mai V8 shi kaɗai ya bi sahu, ko ya ɗauki maƙwabtansa. Gwamnati ta fara da kanta, ta sa motocin ɗaukar ma'aikata, tunda ofisoshinta da makarantu duk kusan lokaci guda suke buɗewa. Tireloli kuma su dakata har wannan lokaci ya wuce. Wannan ba zai yiwu ba sai an zauna da hukumomin Kuseri da jami'an duwan, wato kwastan, na Ngeli, domin ƙasa biyu ne a takarda, amma da safe gari ɗaya ne: akwai masu kwana can su yi kasuwa nan, akwai ɗalibanmu da ke karatu can.

Ɗan ƙanwata yana kilando, kuma da na yi masa wannan zance cewa ya yi, “Kawu, wato mu za a kora ke nan.” A'a. Kano ta hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ya cika titunan, cunkoso bai tafi ko'ina ba. Aikin kilando yana cikin unguwa, inda laka ke hana kar shiga da damina: ya ɗauko mutum daga lungu ya kawo shi tasha. Abin da ya kamata a rage shi ne dubban babura masu ɗauke da mutum ɗaya ɗaya a kan gada.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne cewa masu jiniya ne za su fara taka layin da aka ware, kuma alƙaluma a ofis ake dafa su. Gaskiya ne, zai faru. Maganinsa shi ne lissafin ya fita daga aljihun teburi: a karanta shi a rediyo duk wata uku da Larabci da Faransanci, a manna shi a tashoshi, ƙungiyoyin direbobi da na ɗalibai su yi nasu ƙirgen a gefe. Kuma a san mutum ɗaya da za a kama. Yanzu gundumomi goma ne kowace da magajin garinta, ga babban magajin gari, ga ma'aikatar sufuri, ga 'yan sanda, in tirela ta mutu a tsakiyar gada sai ganyen da yaron mota ya jera a kan kwalta ya yi awa biyu yana ba da hannu kafin a san wa zai turo motar ja.

Inna dai ba ta jira mun ƙarasa ba a ranar. Da ta ga ƙanƙarar kan kifin ta fara tsiyaya a zanenta, ta ce wa yaron mota ya matsa, ta ɗora kwanon a ka ta sauka a tsakiyar gada. Kuɗinta kuwa cif ya karɓa. Da muka isa shataletale na leƙa ko zan hango ta, ta daɗe da wucewa.