Ihu bayan hari a kan gidan tarihin babura na Anamosa

An sake dawo da hotunan gwanjon baburan gidan tarihin babura na garin Anamosa a Amurka, kowa sai "kai, an yi asara" yake rubutawa. Asara kam an yi ta. Amma masu kukan nan, lokacin da ƙofar gidan take buɗe, kuna ina?

Ba gobara ce ta cinye shi ba, ba kuma gwamnati ce ta rufe shi ba. Rashin masu zuwa ne. Da masu kula da gidan suka sanar a farkon 2023 cewa za a rufe, dalilinsu bai wuce wannan ba: abin da ake samu a ƙofa ba ya biyan albashin ma'aikata da kuɗin wuta. A watan Satumba aka rufe, kamfanin gwanjo na Mecum ya buga ƙararrawa a kan babura sama da 300. Abin da aka fara tarawa tun 1989 a garin Sturgis na jihar South Dakota, aka dawo da shi Anamosa, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Iowa, a 2001, cikin 'yan kwanaki ya watse, kowane babur ya bi mai kuɗinsa.

John Parham, mai kamfanin kayan babura na J&P Cycles, shi ya ɗauki gidan nan a kansa. Ya rasu a 2017, matarsa Jill ta ci gaba da fama har shekara shida. To mutum ɗaya zai riƙe tarihin jama'a har abada ne? Gidan da ba don riba aka kafa shi ba, jama'a ne jarinsa. Tikitinka, 'yar gudummawarka ta shekara, ranar Asabar ɗin da za ka je ka goge ƙura kyauta, yaran makaranta da za a kwaso a mota. In babu waɗannan, ranar da mai gidan ya kwanta dama, an fara lissafin ranar rufewa.

Wani ya ce mini ai baburan ba su mutu ba, suna hannun masu son su. Haba! Babur a garejin attajiri, an lulluɓe shi da tamfol, wa yake koya wa komai? Ku dubi baburan tseren da ake yi a kan titin katako kafin 1920: taya siririya kamar ta keke, ba birki, mahayi ya kwanta a kan tanki, in ya faɗi tsagin katako ne zai shige masa jiki. Sai ka tsaya a gabansa, na shekaru goma bayansa yana gefe, sannan za ka ga yadda aka yi ta gyara har aka kai ga wanda kake hawa yau. In aka raba su, labarin ya yanke.

Wani kuma zai kawo mini gidan tarihin babura na Barber da ke jihar Alabama, wanda kundin bajinta na Guinness ya ce a 2014 babu kamarsa a girma. Eh, yana nan, amma dukiyar George Barber ce ta tsayar da shi, kuma ba kowane gari ne yake da irinsa ba. Sauran ƙananan gidaje da ku suke rayuwa. Da ku, ba da alamar hawaye a Facebook ba. Wallahi abin yana min ciwo, domin kuɗin da wani yake kashewa a kan salansa ɗaya ya isa ya biya wa aji guda tikiti.

Mu ma nan kada mu saki baki. Ina Vespa ɗin malaman makaranta? Ina Honda Benly? Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, wa ya ajiye ko da Jincheng ɗaya da rigar ɗan acaɓa da lambarsa, don jikoki su ga abin da ya ciyar da gidaje bila adadin? Kwanaki na ga wata Vespa shuɗiya a kurar 'yan gwangwan, fitilarta lafiya lau, sit ɗinta ma bai yage ba. Na tambayi yaron nawa ya saya, ya ce shi dai da kilo aka auna masa.