Drinkwater, laƙabin da ya ƙi bin mai shi kabari

Masu kallon ƙwallo sun san Danny Drinkwater, ɗan Manchester da ya ci kofin Firimiya da Leicester a 2016, Chelsea ta saye shi a 2017. Ma'anar sunan a fili take: sha ruwa. Ko a nan Ingila ba kasafai ake cin karo da shi ba, an fi jin sa a arewa maso yamma, wajen Cheshire da Lancashire.

Asalinsa laƙabi ne. Shekaru 700 da suka wuce giyar sha'ir ce abin shan yau da kullum a ƙasar nan, don haka wanda ya tsaya ga ruwa zalla sai a sa masa ido: ko talauci, ko rowa. Wasu masana sun ce gatse ne ma, mashayi ko mai gidan giya ake tsokana da shi. Faransawa na da irinsa, Boileau, Italiyawa kuma Bevilacqua. A ƙarni na 13 da na 14 sunayen Turawan Ingila suka fara zama na gado, sai zolayar da aka yi wa mutum ɗaya ta manne wa jikoki da tattaɓa-kunne.

Mu a gida ba a fi mu iya laƙabi ba: Dogo, Tanko, Maigoro, Mainama. Sai dai namu yakan tafi da mai shi, ɗa ya ɗauki sunan yankan ubansa. Kaɗan ne suka tsira, irin Ɗantata, daga Tata, matar da ta reni Alhassan. Makarantar boko kuma ta liƙa wa wasu sunan gari, shi ya ba mu Shagari da Tafawa Ɓalewa.

Yanzu fasfo da lambar banki ta BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN suna yi mana abin da littattafan haraji suka taimaka aka yi wa Turawa. 'Ya'yana sunan mahaifina ke takardunsu, na tabbata nasu 'ya'yan ma shi za su gada, don ofisoshin nan sun fi gane gida mai suna ɗaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin sunan da muke daskarar da shi. Muhammad da Abdullahi sunaye ne masu albarka, amma gida dubu nawa ke amsa su? Ba za su nuna wa jika garinsu ko sana'ar kakansa ba. Da za a dawo da ni ranar cike takardar farko, laƙabin kakana zan rubuta, ko da na tsokana ne.